Yadda ake sa hatimin injiniya a akwatin bayanan zanen gini a manhajar Revit

Kowane zanen gini yana da akwati a gefen dama ko a ƙasan takarda, inda ake rubuta sunan aiki, sunan mai ginin, lambar shafi, sikeli da kwanan wata. A nan hatimin injiniya yake zama. A Najeriya, hukumar COREN da aka kafa da doka mai lamba 55 ta 1970 ita ce ke yi wa injiniyoyi rajista, kuma hatiminsu yana ɗauke da lambar rajistar. Duk wanda ya buga shi ya ɗauki alhakin rodi da ginshiƙi da rufin kankaren da ke kan takardar. In gini ya zube, shi za a nema. Saboda haka a hanyar da zan nuna, hatimin a ɓoye yake sai mai shi ya ce a fito da shi.

Da farko ka buga hatimin a farar takarda mai tsabta, ka ɗauki hotonsa da sikana a kan 300 dpi, ka yanke gefe-gefe, ka adana shi a matsayin PNG. Kada ka ɗauka da waya, don yakan fito a karkace da inuwa. Sannan ka sa rula ka auna faɗin hatimin na gaske da milimita. Takardar Revit tana kan sikeli 1:1, wato A1 milimita 594 ce da 841 cif, don haka yadda ka auna shi haka zai fito a bugu.

Mataki na biyu shi ne inda mutane da yawa ke yanke hanya, su liƙa hoton kai tsaye a cikin akwatin. Kada ka yi haka. Ka shiga File, New, Annotation Symbol, ka zaɓi Generic Annotation. Ka goge jan rubutun da ke ciki, ka shigo da hoton ta Insert, ka daidaita faɗinsa a Properties da awon da ka yi, ka ajiye shi a tsakiyar layuka biyun da za ka gani sun gitta juna a wurin. Ka adana da suna bayyananne. Amfanin wannan ɗan zagayen shi ne hatimin ya zama abu guda mai zaman kansa da za a iya kunnawa a kashe.

Yanzu ka buɗe shafin zane, ka danna akwatin bayanan, ka zaɓi Edit Family. Ka loda hatimin a ciki, ka ajiye shi da Symbol a gurbin da ka ware, ka bar fili a ƙasa don sa hannu da kwanan wata. Ka danna hatimin, ka duba Properties: a gaban layin Visible akwai wani ɗan mitsitsin maɓalli a ƙarshen dama, har sai ka ƙura ido za ka gan shi. Danna shi, ka ƙirƙiri sabon Yes/No, ka sa masa suna kamar "Nuna hatimi". Za a tambaye ka Type ko Instance. Zaɓi Instance. In ka zaɓi Type, danna ɗaya zai buga hatimin a kan duk shafukan da ke amfani da wannan akwatin, har da waɗanda injiniya bai ko duba ba. Ka shiga Family Types ka cire alamar da ke gaban "Nuna hatimi", domin kowane sabon shafi ya zo babu hatimi. Sai Load into Project, ka amince ya maye gurbin tsohon.

Daga nan abin ya yi sauƙi. Shafin da aka duba aka amince, a kunna masa, a fitar da PDF. Tun Revit 2022 ana fitar da shi kai tsaye ta Export. Ka buga shafi ɗaya a takarda ka sake sa rula.

Sai abin da ya fi damuna. Ɓoye hatimi ba cire shi ba ne. Duk wanda ka tura wa fayil ɗin RVT, wato ainihin fayil ɗin aikin na Revit, ɗan kwangila ne ko wani ofis, zai iya buɗe akwatin ya kwashe hatiminka ya liƙa a zanen da ba ka taɓa gani ba. Kafin ka tura, ka yi kwafi, ka musanya akwatin da marar hatimi, ka bi da Purge Unused, mai share abin da ba a amfani da shi, har sai sunan akwatin mai hatimi ya ɓace daga Project Browser.

Kafin ka kai zane neman izinin gini a hukumar tsara birane, ko a KNUPDA a Kano, ko KASUPDA a Kaduna, ko sashen kula da gine-gine na Abuja, ka tambaya ko suna karɓar hatimin kwamfuta. In sun ce sai na tawada da sa hannun biro, ka bar gurbin a kashe, ka buga takardun, injiniya ya bi su shafi-shafi da hannunsa.