Yadda ake tsara wanda zai riƙe yara idan kana zaune a Ingila dangi suna gida

Yawancin mutanenmu da ke Ingila sun riga sun yanke cewa idan ta Allah ta kasance, yaya ko gwaggo da ke Kano ko Damagaram ce za ta riƙe yara. An faɗa a waya, an amsa, shi ke nan. To, hukumar Ingila ba ta san da wannan magana ba. Ranar da uwa da uba suka rasu, ko suka kwanta asibiti tare, jami'an kula da yara na ƙaramar hukuma za su nemi babba na kusa. In ba su samu ba, sai su kai yaran gidan masu riƙo, kuma ba lalle ya zama gidan Musulmi ba.

Saboda haka mutum biyu za ka zaɓa: wanda zai riƙe yaran har su girma, da wanda zai ɗauke su a daren farko. A kan na biyun ake tuntuɓe. Sunan yayarka a takarda ba ya ba ta biza, kuma kafin ta nema, ko kotu ta yarda a kai yaran gida, watanni na iya shuɗewa. Nemi wanda ke garinku, mai cikakkun takardun zama, wanda yaran suka saba kwana gidansa. Ku zauna da shi da matarsa ku yi maganar ƙiri-ƙiri, kada kunya ta sa a bar ta a dunƙule. Ba makaranta da likita sunansa da lambarsa, ka rubuta masa takardar izini da sa hannunku ku biyu, uwa da uba. Ya kuma sani cewa idan yaro ɗan ƙasa da shekara 16 zai zauna kwana 28 ko fiye a hannun wanda ba dangi na kusa ba, dole a sanar da ƙaramar hukuma. Kaka, yaya, kawu, baffa, inna da gwaggo ne na kusa a wurinsu. Ɗan baffa da ɗan gari ba sa ciki.

Sai wasiyya. Dokar Yara ta 1989 ta yarda ka naɗa mai riƙo a rubuce, da kwanan wata da sa hannu, amma ka saka shi cikin wasiyya, gaban shaidu biyu manya da ba su da rabo a cikinta. Naɗin yakan fara aiki ne idan babu ɗayanku da ya rage. Je wurin lauya, bar takardun intanet masu arha. Ka shawarci malami ma, domin a mazhabar Malikiyya dangin uwa ne kan gaba wajen reno, kuma rashin sanar da dangin uba tun da wuri shi ke haifar da rigima.

In a masallacin Ingila kawai aka ɗaura auren, uba ya tabbatar sunansa yana kan takardar haihuwa, don hukuma ta san yana da iko a kan yaron.

Haihuwa a Ingila ba ta ba yaro zama ɗan ƙasa sai in ɗayan iyaye ɗan ƙasa ne ko mai zaman dindindin, don haka ka yi masa fasfo ɗin gida, kada ya ƙare. Haɗa fasfo, takardar haihuwa, jan littafin rigakafi da kwafin wasiyya a jaka ɗaya, ka nuna wa mai riƙon kusa inda take, ka tura wa na gida hotunansu. Cike takardar magada ta fanshon wurin aikinka, ka kuma sake duba komai duk lokacin da aka yi sabuwar haihuwa ko kuka sauya gari.