Injin da ba ya ɗaukar zafi: kurakuran da aka fi yi wajen gano matsalar

Abu ɗaya direbobinmu suke tsoro a dashbod, shi ne su ga allurar zafi ta haura ta nufi ja. Idan kuwa ta kwanta kusa da harafin C, aka taso daga Kano har aka shiga Kaduna ba ta ɗaga ba, sai ka ji ana yabon mota, wai injinta sanyi ƙalau. Wannan yabon shi ne kuskure na farko, kuma shi ke haifar da sauran. An ƙera inji ne don ya yi aiki da zafi. A yawancin motocin fetur na yanzu, ruwan da ke zagaya injin ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 85 da 105 a ma'aunin Selsiyas, kuma ya kai can cikin minti goma zuwa sha biyar na tafiya. Injin da ya wuni a digiri 55 ko 60 ba shi da lafiya, ko da kuwa bai taɓa tsayar da kai a hanya ba.

Ɓarnar tasa a hankali take zuwa, shi ya sa ba a ganinta. Muddin kwamfutar mota tana ganin inji bai ɗumama ba, za ta ci gaba da zuba masa fetur fiye da kima, kamar yadda take yi da asuba idan an tayar da shi. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ya gauraye da baƙin mai ya tsinka shi. Danshin da ya kamata zafi ya kore shi ma a ciki yake zama, sai baƙin mai ya riƙa daskarewa. Ka kwance fulogi ka ga bakinsa baƙi ƙirin da toka mai laushi, salansa na warin ɗanyen fetur, silo ya ƙi sauka. Wasu motocin masu giya otomatik ma ba sa yarda su shiga giyar ƙarshe sai ruwa ya ɗumama, sai ka ji inji na kuka a kan babban titi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, babu mai motar da zai ce wannan asarar ba ta dame shi ba. Sai dai mafi yawa ba su san daga inda take fitowa ba.

Abin da ke riƙe zafin inji wani ɗan ƙarfe ne da bai kai tafin hannu ba, sunansa tamostat. Ƙofa ce a kan hanyar ruwa tsakanin inji da lagireto. A cikinsa akwai wani kaki da ke kumbura idan ya ji zafi, ya tura ƙofar ta buɗe; idan ruwa ya huce, sifirin ya mayar da ita. Da sanyin safiya a rufe take, ruwa na zagayawa cikin inji kaɗai har ya yi zafi. A jikinsa ake buga adadin zafin da yake fara buɗewa: a motocin Toyota da yawa za ka ga 82, a wasu motocin Turai 87 ko sama da haka.

Babban kuskuren da ya zama ruwan dare a garejinmu shi ne cire wannan abu a yar. Mota ta iso daga Kwatano, ko ta fara tafasa a gosulo, sai bakanike ya ce: "Alhaji, wannan na ƙasar sanyi ne. Mu nan zafi gare mu, a cire shi kawai a haɗa fanka dairek." Mai mota ya amince, allura ta faɗo ƙasa, kowa ya yi murna. Wannan maganar ba ta da tushe, kuma ta kashe injina masu yawa. Zafin Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu yana wuce digiri 40, amma ina 40 ina 90? Ko a ranar da ta fi kowace zafi, iska tana da sanyin da za ta huce inji fiye da yadda ake so idan babu abin da ke tare ruwan. Motocin da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai da tamostat ɗinsu suke zuwa, kuma ba mu fi su rana ba.

Motar da ke tafasa akwai abin da ke sa ta tafasa: lagireto ya toshe da tsatsa ko ƙura, fanka ba ta tashi, murfin lagireto ya saki, famfon ruwa ya cinye, ko gasket ɗin kan inji ya ƙone. Tamostat na iya maƙalewa a rufe, gaskiya ne, amma maganinsa a sa sabo. Idan aka cire shi alhali laifin na lagireto ne, an bar jaki ana dukan taiki. Akwai ma wani abin da ba kowane bakanike ya lura da shi ba. A injina da dama tamostat na da faifai na biyu a gindinsa, wanda ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya je lagireto ba. Idan an cire shi, wannan hanya ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa kauce wa lagireto. Shi ya sa za ka ga mota tana sanyi a kan titi, amma ta shiga cunkoson kasuwa ko ta ɗauki kaya a hawa ta sake tafasa.

Don haka wanda ya sayi mota hannu na biyu ya ga allura ba ta hawa, kada ya ɗauka tamostat ɗin yana nan. Sau da yawa idan aka kwance mazauninsa, wayam ake tararwa.

Kafin a kwance komai, a lura da yadda allurar ke yi. Idan tana ɗan hawa a tsaye ko a gosulo, sannan ta sauka da zarar an hau titi ana gudu, ko a doguwar gangara irin ta Hawan Kibo inda ƙafa ba ta kan totur, to kusan koyaushe tamostat ne ya maƙale a buɗe ko babu shi. Da hannu ma ana iya ganewa. A bar mota ta kwana, da safe a buɗe bonet a tayar da ita, a riƙa taɓa manyan tiyo biyu na lagireto, ana kiyaye hannu da hannun riga daga fanka da bel. A inji mai lafiya, tiyon da ke haɗe da mazaunin tamostat zai daɗe da sanyi, sai can ya canza. Idan duka biyun suka fara ɗumi tare tun mintunan farko, suna hawa sannu a hankali, ruwa na wucewa tun lokacinsa bai yi ba. Inda ake kuskure a nan shi ne a ɗauka tamostat kullum a tiyon sama yake. A Toyota da Honda da yawa a tiyon ƙasa yake, inda ruwa ke komawa inji, don haka tiyon sama na iya ɗumi da wuri ba tare da wata matsala ba. Na ƙasan ne zai ba ka labari.

Idan an ciro tamostat ɗin, a ɗaga shi wajen haske. A sanyinsa bai kamata a ga wata kafa tsakanin ƙofar da mazauninta ba. Wanda ya rufe da kyau kuma, a jefa shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta tare da ma'aunin zafi. Idan ya buɗe tun ruwa bai kusa adadin da ke jikinsa ba, ya gaji.

Kuskure na gaba kishiyar wancan ne: a gaskata allura ido rufe. Wani lokaci inji lafiyarsa ƙalau, mai ba da labarin ne ke ƙarya. Tsofaffin motoci da yawa suna da sensa biyu, ɗaya na allurar dashbod, ɗaya na kwamfuta. Idan na allurar ne ya mutu, mota ba za ta canza hali ba ko kaɗan, shan mai yana nan yadda yake. Idan na kwamfutar ne, allura na iya zama daidai a tsakiya amma mota tana shan mai tana baƙin hayaƙi. Sababbin motoci da yawa kuma sensa ɗaya ke yi musu duka, wasunsu ma babu allura, sai 'yar fitila shuɗiya da ke mutuwa idan inji ya ɗumama.

Hanya mafi sauƙi ita ce a jona na'urar sikanin a karanta zafin da kwamfuta ke gani. Motocin kasuwar Amurka daga 1996 duk suna da soket ɗin OBD2, inda ake jona na'urar, a ƙarƙashin sitiyari, na Turai masu fetur kuma daga 2001. Da safe kafin a tayar da mota, zafin ruwa da zafin iskar da ke shiga inji ya kamata su zo kusan ɗaya. Idan iska ta nuna 25, ruwa ya nuna 5, sensa ko wayarsa ce. Idan ya nuna 40 ƙasa da sifili, waya ta katse ko soket ya fita. Wannan sensa yana ƙara turjiya ga lantarki ne idan ya ji sanyi: a Toyota da yawa kimanin om (ma'aunin turjiya) 2,500 a digiri 20, ya sauko kimanin 300 a digiri 80. Saboda haka tsatsa kaɗai a bakin soket ta isa ta sa kwamfuta ta zaci inji ya fi yadda yake sanyi. Riwaya mai hankali zai fara duba soket ɗin kafin ya ce a sayo sabon sensa.

Akwai hali ɗaya da nake roƙon kowane direba ya riƙe, domin shi ne mai haɗari. Idan ruwa ya ragu sosai, bakin sensa ba ya cikin ruwa, sai allura ta faɗi ƙasa ko ta riƙa rawa alhali inji yana ƙonewa. Allurar da kullum take tsakiya, yau kwatsam ta faɗi ana cikin tafiya, hita kuma ta koma busa sanyi, ba abin murna ba ne. A tsaya a kashe mota. Kada a taɓa murfin lagireto sai inji ya huce sarai, ruwan da ke ciki yana iya sale fuska da hannu.

Hita kanta shaida ce: a sanyin Jos na Disamba, idan an yi tafiyar rabin awa tana ba da ɗumi-ɗumi kawai, inji bai kai zafinsa ba. Amma a duba tukuna ko ba a datse tiyonta ba, don motoci da yawa a nan an zagaye hitarsu tun tuni.

Batun fanka kuma, ana ɗora mata laifin da ya fi ƙarfinta. Fankar da ke juyawa tun daga murɗa makulli ba daidai ba ce: ko an haɗa ta dairek, ko rile ya maƙale, ko kwamfuta ce ta kunna ta don kariya saboda ta rasa labarin sensa. Idan an kunna AC kuwa, tashinta daidai ne. A Hilux da Hiace masu fankar da bel ke ja, kulocin fankar na iya ƙamewa, ka ji tana gurnani kamar babbar mota ko da sanyin safiya. A kashe inji a juya ta da hannu, idan ta ƙi motsi ta ƙame. Duk wannan a gyara shi. Amma fanka ita kaɗai da wuya ta hana inji ɗaukar zafi idan tamostat na aiki, tunda ruwan lagireto take sanyayawa, shi kuma tamostat ya rufe ƙofa. Wanda ya gyara fanka ya ga allura ba ta tashi ba, ya koma kan tamostat.

Na'urar sikanin takan nuna lambar P0128, ma'anarta ruwa bai kai zafin da ya kamata ba a lokacin da aka ɗiba masa, ko P0125 mai kama da ita. Goge lambar ba gyara ba ne, bayan 'yan kwanaki fitilar gargaɗin inji da ke dashbod za ta dawo. Haka nan sayen fulogi, wanke nozul, canza sensan salansa saboda shan mai, duk kuɗi ne ke tafiya muddin inji na nan da sanyinsa.

A wajen mayar da sabo ma ana tafka kuskure. A sayi mai adadin da kamfanin motar ya sa, kada a nemi mai ƙaramin adadi wai don zafin ƙasarmu. Na jabu sun cika kasuwa, don haka a gwada shi a ruwan zafi kafin a ɗaura, aikin minti goma ne. Gefen sifirin shi ke kallon cikin inji. Idan yana da 'yar ƙaramar kafa mai ɗan ƙarfe da ke lilo a gefen faifansa, ta kalli sama, ta nan iska ke fita. A sa sabuwar robarsa, a cika ruwa a hankali, a bar inji na aiki da hita a kunne har iska ta gama fita, sannan a sake duba ruwan washegari. Wasu motocin, irin su BMW da dama, tamostat ɗinsu haɗe yake da mazauninsa kuma yana da waya, gaba ɗaya ake canzawa, kuma an tsara su su yi aiki har wajen digiri 105.

Ruwan da ake zubawa shi ma yana da hannu. Ruwan rijiya ko na famfo zalla yana kawo tsatsa da ƙanzo, su ne ke maƙale tamostat su toshe lagireto. A wanke hanyar ruwan, a zuba kulant irin wanda littafin motar ya ambata.

Bayan gyara allura za ta hau ta tsaya wajen tsakiya, kuma a nan ne masu mota da yawa ke firgita su koma gareji a ce a sake cirewa, saboda idonsu ya saba ganinta a ƙasa. Tsakiya nan ne mazauninta. Fanka ta tashi ta mutu da kanta a tsaye, shi ma daidai ne. Idan kuwa allurar ta wuce tsakiya ta ci gaba da hawa, to ciwon da ya sa aka cire tamostat ɗin tun farko ne ya bayyana, sai a bi lagireto, murfi, famfon ruwa da gasket ɗaya bayan ɗaya. Motar da ta daɗe tana aiki da sanyi kuma, a juye mata baƙin mai da filta a lokacin gyaran ko da kwanansu bai cika ba, domin wanda ke ciki ya riga ya sha fetur.