Yadda ake auna oksijin a jini da na'urar maƙala wa yatsa

Oksimita, ƙaramar na'urar nan da ake maƙala wa yatsan mara lafiya, da haske take aiki. A gefe guda akwai fitilu biyu, ja mai zangon nanomita 660 (ma'aunin tsawon igiyar haske) da wata mai 940 wadda ido ba ya gani. A ɗaya gefen kuma akwai ɗan abin da ke karɓar hasken da ya ratso yatsa. Jinin da ya ƙoshi da oksijin ya fi shanye hasken da ba a gani, wanda bai ƙoshi ba kuma ya fi shanye ja. Da kwatanta biyun ne na'urar ke fitar da lambar oksijin. Dabarar da injiniya Takuo Aoyagi na Japan ya gano a farkon shekarun 1970 ita ce a lura da abin da ke sauyawa da bugun zuciya kaɗai. Ke nan in bugu bai iso yatsa ba, lambar banza ce.

1. A zaunar da mutum ya huta minti biyar. In hannunsa ya yi sanyi, kamar da safiyar hunturu, a murza shi ya yi ɗumi tukuna.

2. A goge jan farce. Baƙin lalle ma yana tare haske, sai a nemi yatsan da babu, ko a yi amfani da irin na'urar da ake maƙala wa kunne.

3. A sa yatsan tsakiya ko manuni har ƙarshe, farce a sama. Kada a sa a hannun da ake auna hawan jini.

4. A ajiye hannu ba motsi, a kare shi daga rana. A jira igiyar bugun da ke allo ta daidaita, lambar ta tsaya cak.

Lambar oksijin kashi ne cikin ɗari: daga 95 zuwa 100 lafiya lau. Ƙasa da 90, a ba da oksijin ba ɓata lokaci.

Amma na'urar tana ruɗi. Wani bincike na Jami'ar Michigan a 2020 ya nuna takan ƙara wa masu baƙar fata lamba, don haka 92 a yatsanmu abin a sa ido ne. Mafi haɗari shi ne wanda ya shaƙi hayaƙin janareta ko gawayi a rufaffen ɗaki: na'urar na ɗaukar gubar hayaƙin da ta shiga jini a matsayin oksijin, ta nuna 98 alhali yana fama da ciwon kai da jiri. Irin wannan a fitar da shi sarari, a sa masa oksijin, a garzaya da shi asibiti ko da lambar ta yi kyau.