Yadda zaka saurari rediyon Batak ka gane abinda ake ciki

Batak mutanen arewacin tsibirin Sumatra ne a Indonesiya, kewaye da tafkin Toba. 'Ya'yansu da yawa sun tafi Medan da Jakarta neman karatu da abinci, can kuwa Indonesiyanci ake yi dare da rana, shi yasa gidajen rediyon yankinsu suke da muhimmanci sosai, nan ne yaro zai ji yaren kakarsa yana fitowa daga akwati kamar na kowa. Ni dai abin yana taɓa min zuciya.

Da farko ka buɗe Radio Garden, manhajar sauraron gidajen rediyon duniya, a wayarka ka juya taswirar zuwa Medan ko Pematangsiantar ko Sibolga, ko kuma ka nemi RRI, gidan rediyon gwamnatinsu da aka kafa a 1945, tasharsu Pro 4 ita ce ta al'adu, amma fa ba na Batak kaɗai take sawa ba sai kayi haƙuri. Suna gabanmu da awa 6, ɗaya na rana a Kano bakwai na dare ne a can.

Sai ka kasa kunne ga gaisuwa, don Batak rassa ne daban-daban kuma daga gaisuwar zaka gane wane reshe ne. In kaji Horas to Toba ne ko Simalungun ko Mandailing, in kaji Mejuah-juah Karo ne, Njuah-juah kuma Pakpak.

Inda ya kamata ka tsaya sosai shine lokacin da masu sauraro suke bugo waya. Kowane Batak yana da marga, sunan zuri'a da ake gada ta wajen uba, irinsu Siregar, Nasution, Ginting, Simanjuntak, kuma in biyu suka haɗu sai sun bi salsala sun gano wa yake matsayin kawu wa yake matsayin suruki kafin su san da wane suna zasu kira juna, wannan shi suke ce wa martarombo. Tushen abin kuwa dalihan na tolu ne, wato duwatsun murhu uku, hula-hula dangin da suka baka mata, dongan tubu 'yan zuri'arku, boru waɗanda suka auri 'ya'yanku mata. In dutse ɗaya ya goce ai tukunya ta kife. Don haka ka lura da yadda mai gabatarwa yake sauya kiran da yake wa mutum da zarar yaji margarsa.

In aka sa kiɗan gondang, jerin gangunan nan taganing ne, mai kuka kamar algaita sarune, mai tsirkiya biyu kamar garaya kuma hasapi. Akwai umpasa, baitocin sa albarka da dattawa ke yi a biki, in an kai ƙarshe jama'a su amsa da emma tutu, wato haka yake. Ka ajiye biro da takarda kusa, duk marga da kaji ka rubuta, bayan sati ɗaya ka duba wanne yafi yawa a tashar.