Yadda za a hana salak ɗin lambu yin laushi

Ga masu noma latas a gida, shawarata ita ce ku tsinki ganyen waje da sassafe, ku bar tsakiyar ta ci gaba da tofo, domin tushe ɗaya yana iya ba ku ganye na makonni. Bayan wankewa, ku tsane ganyen sosai da tsabtataccen ƙyalle, saboda mai ba ya kama jiƙaƙƙen ganye. Ku kaɗa cokali 3 na mai da cokali 1 na ruwan lemun tsami, amma kada ku zuba, musamman idan da gishiri, sai za a ci, tunda gishiri yana janyo ruwan ganye ya yanƙwane. Ragowar dafaffen wake, a ganina, ya fi komai ƙara masa ƙoshi.