Kurakuran da ke cinye jarin masu neman kuɗi da waya a Kebbi

Da damina ta bara wani ɗan yayata ya same ni a shago a Birnin Kebbi, bayan an gaisa ya ce, "Kawu, so nake ka ranta mini kuɗi in sayi kwamfuta, zan fara neman kuɗi a intanet." Na ce masa madalla, to me za ka sayar? Ya yi shiru, can ya ce ai ba sayarwa ake yi ba, shiga kawai ake yi kuɗi su riƙa zuwa. Yaron nan ba malalaci ba ne, ya gama difloma, ya iya lissafi, kuma yana son ya daina miƙa hannu. Abin da ya faɗa kuwa shi ne abin da na fi ji daga bakin matasanmu, kuma daga nan sauran kurakuran suke tsirowa.

Intanet ba ta biyan kowa. Mutum ne ke biya, kuma ba ya biya sai ya karɓi wani abu: kaya, ko aiki, ko ilimi, ko hankalin jama'ar da ka tara masa don ya tallata hajarsa. Duk wanda bai iya faɗin wa zai biya shi da kuma a kan me ba, bai kai lokacin sayen kwamfuta ba, balle fitilar ɗaukar bidiyo. Mu kuwa a nan Allah ya ba mu abin sayarwa. Albasar Aliero har Kudu an san ta. Kifin Yauri bandararre, shinkafar fadamun Argungu da Suru, akwai matan Abuja da Kaduna da Legas da ke nemansu ido rufe, abin da suka rasa shi ne amintaccen mutum da zai sayo ya aiko. Ni da tsohuwar wayar hannu na fara, gilashinta a tsage, da kwali ɗaya na kifi. WhatsApp Business kyauta ake sauke ta, tana da wurin jera hotunan kaya da farashi. Wanda ba shi da jarin kaya ma yana iya zuwa wurin mai buhuna a kasuwar Jega, su daidaita a kan la'ada, ya ɗauki hoto ya nemo mai saye. Dillanci ne irin na iyayenmu, waya ce kawai ta ƙara masa nisa.

Wanda bai gane wannan ba shi ne ke faɗawa hannun masu cewa ka zuba dubu goma ka kwashi dubu goma sha uku a ƙarshen wata. MMM ta yi wa 'yan Najeriya alkawarin kashi 30 cikin ɗari duk wata, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. Aka yi kuka aka share hawaye, sai ga CBEX a Afrilun 2025 ta tafi da kuɗin wasu, har da na waɗanda suka ga abin da ya faru a karon farko. Suna ne ke canzawa, tsarin ɗaya ne: kuɗin wanda ya shigo yau ake biyan wanda ya shigo jiya, ranar da sabbin shiga suka ragu sai a kulle. Abin da ya fi ci mini rai shi ne galibi ɗan'uwa ne ke kawo ɗan'uwa, da zuciya ɗaya, domin shi an biya shi sau biyu ya ga abin gaskiya ne. Kafin ka saka ko sisi, tambayi daga ina ribar take fitowa. In amsar ta ƙare a kan ka kawo mutum uku, ko ka biya kuɗin rajista kafin a ba ka aikin danna talla, ka riƙe kuɗinka. Hukumar SEC ce ke yi wa kamfanonin zuba jari rajista, kuma takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kaɗai ba lasisin karɓar kuɗin jama'a ba ce, shaidar rajistar suna ce kawai. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Sai masu bidiyo. Ba na hana kowa, domin akwai Hausawan da ke ci da iyalansu daga nan. Amma a san sharuɗɗan tun farko. YouTube ba ta fara raba kuɗin talla da kai a kan dogayen bidiyo sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Bayan haka za a tantance adireshinka da lambar da ake aikowa ta gidan waya, kuma ba a turo kuɗin sai sun kai dala 100. Tallar da ake nuna wa mai kallo a Najeriya kuma ba ta kai kuɗin wadda ake nuna wa na Amurka ko Ingila ba. Matashi sai ya ƙosa, ya yanko fim ɗin wani ko wa'azin wani ya ɗora, ko ya biya a sayo masa mabiya. Bidiyon wani yana jawo gargaɗin haƙƙin mallaka, uku suka taru an rufe tashar, wahalar shekara ta tafi. Mabiyan saye kuwa ba sa kallo, ba sa sayen komai.

Gyaran shi ne ka ɗauki abin da ka sani wanda na nesa bai sani ba. Yadda ake adana albasa a rumbu ta kai lokacin tsada ba ta ruɓe ba, yadda ake turara shinkafa a gida, yadda ake bambance kifin da ya sha hayaƙi da kyau da wanda aka yi wa gaggawa. Ka yi da Hausarka ta nan, kada ka ji kunyar harshenka, mutane na son jin mutum yana magana kamar a ƙofar gidansu. Kuma ka ɗauki bidiyon a matsayin mai kawo maka ciniki tun kafin wani kamfani ya biya ka. Masu kallo ɗari, waɗanda biyar daga cikinsu suka nemi lambarka, sun fi dubu goma da suka yi dariya suka wuce.

Yanzu ga inda ni kaina na ƙone. Farkon 2023, lokacin da aka canza fasalin naira takardun kuɗi suka yi wuya, kowa ya koma taransifa. Wani ya yi odar kwali biyu na kifi, ya turo mini hoton rasit, saƙon alat ma ya shigo wayata. Mota na shirin tashi, direba na ta kirana, na miƙa kaya. Da dare na buɗe manhajar banki, babu ko kwabo. Rasit ɗin haɗa shi aka yi, saƙon ma na bogi ne. Na yi kusan wata biyu kafin in mayar da gurbin kuɗin nan, kuma rabinsu na masunta ne da suka ba ni kaya bisa amana. Tun ranar ba na sakin kaya don hoton rasit ko saƙon waya. Sai na shiga manhajar da kaina na ga kuɗin sun hau kan abin da ke ciki. In sabis ya ƙi, kaya su kwana, mota ta gobe tana nan. Mai saye na gaskiya ba ya jin haushin wannan, wanda ya fara faɗa da rantse-rantse yana cewa ba ka yarda da shi ba, shi ne abin tsoro.

Akwai asarar da ba ɓarawo ke jawo ta ba, rashin rubutu ne. Mutum ya sayi buhu, ya ɗora dubu biyu, ya ce ya ci riba. Bai lissafa kuɗin data ba, wanda ya ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Bai sa kuɗin cajin waya a shago ranar da babu wuta ba, da na ɗan dako, da na kwali da igiya, da abin da mai POS ya cira, da ɗan abin da ake ba yaron mota. In aka tara sai ka ga ribar ta narke, wani lokaci har ta taɓa uwar kuɗi. Littafin makaranta mai shafi 40 ya isa: abin da ya shigo a dama, abin da ya fita a hagu, kowace rana. Sannan a raba asusu. Buɗe na Opay ko Moniepoint ko PalmPay ba ya ɗaukar lokaci ga mai BVN ko NIN, sai a ware shi don sana'a kaɗai, kuɗin cefane da na biki su fita daga wani wurin. Data kuma a saye ta da niyya, a kashe saukar bidiyo ta kai-tsaye a zaurukan WhatsApp, domin su ke zuƙe ta mutum yana barci.

Layin waya shi ne ƙofar shagonka, amma da yawa suna kasuwanci da layin da aka yi wa rajista da sunan wa ko maƙwabci. Ranar da wayar ta faɗi, ba za a dawo maka da layin ba sai da sa hannun mai NIN ɗin, in ya yi tafiya ko kun ɓata shi ke nan. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi ma kamfani na sake sayar wa wani. Ka yi rajista da sunanka, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da Facebook, kuma lambobi shidan nan da ake turowa kada ka karanta wa kowa, ko da ya ce daga ƙungiyarku yake ko za a saka ka a tallafi. Da su ake ƙwace asusu a bi abokan cinikinka ana karɓar kuɗi da sunanka.

Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga wani abin da ya kamata mu riƙe. A Satumbar 2021 aka katse sabis ɗin waya a jihar saboda matsalar tsaro, makonni ana haka, mutane na tafiya wasu jihohin don kira ɗaya. A wannan shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yuni har Janairun 2022. Wanda duk cinikinsa ke rataye a dandali ɗaya ya tsaya cak. Ni a bayan littafin lissafina nake rubuta sunan kowane mai saye da lambarsa da garinsu da abin da ya saba ɗauka.

Na bar maganar hoto da aika kaya a ƙarshe domin a nan ake samun mai saye na biyu ko a rasa shi. Kada ka ɗauko hoton kifin wani mai ƙiba ka aika ƙanana. Ɗauki naka da safe a hasken rana, ka ajiye hannunka ko mudu a gefe don a ga girmansa, ka faɗi adadi da farashi da kuɗin mota tun kafin a tambaya. In albasa ce ka faɗa ko sabuwa ce ko ta ajiya, domin sabuwa tana da ruwa, tafiyar Legas cikin zafi na iya taɓa ta. A tasha kuma kada ka ba wanda ka tsinta a bakin hanya don ya fi araha. Bi ta ofishin 'yan ƙungiyar direbobi, ka rubuta lambar mota da ta direba, ka ɗauki hoton kayan a cikin but, ka tura wa mai shi nan take tare da lokacin da ake sa ran isowa.

Ɗan yayar nan tawa bai sayi kwamfutar ba. Yanzu shi ke zuwa mini Aliero ranar da oda ta taru, yana da masu saye nasa guda shida a Abuja, kuma makon jiya ya ƙi sakin buhu uku har sai da ya ga kuɗin a manhaja, duk da direba na ta yi masa hon.