Kai yara ganin gida a dogon hutu: kurakuran da aka fi yi

Makarantun boko a Najeriya kan rufe zango na uku a watan Yuli, ba a komawa sai Satumba. Wannan ne dogon hutun da iyalai da yawa mazauna Kano, Kaduna, Abuja da Legas ke jira su kwashi yara a je ganin gida, a gaida kakanni, a zaga dangi. Al'ada ce mai kyau, kuma ina fatan kada ta mutu. Sai dai hutun nan a tsakiyar damina yake faɗowa. Agusta watan malka ne, ruwa kan wuni yana zuba, sauro ya yi yawa, hanyoyi sun jiƙe, manomi yana tsaka da aiki, rumbunsa kuma ya yi ƙasa. Yawancin kurakuran da ake yi a wannan tafiya daga manta hakan suke tasowa.

Wanda ya fi damuna shi ne na tsaraba. Magidanci ya taso daga birni da matarsa da 'ya'ya biyar, ya cika bayan mota da katan-katan na biskit, alawa da lemon kwalba, ya sauka gidan mahaifinsa ko na yayansa da niyyar yin mako uku. Mutanen gida za su yi murna, a kama kaza a yanka, ba wanda zai ce uffan, domin kara da kunya ba za su bari ba. Amma hatsin bara ya kusa ƙarewa, na bana bai nuna ba, mudu ya yi tsada a kasuwa, ɗan kuɗin da ke hannu kuwa ya tafi wajen taki da 'yan ƙwadago. Ƙarin mutum bakwai a kan tukunya a irin wannan lokaci ba ƙaramin nauyi ba ne. Akwai gidajen da bayan baƙi sun juya sai an kai akuya kasuwa, ko an ci bashin hatsi, kafin a ga kaka.

Gyaran ba wuya. Ku duba abin da gidanku ke ci a mako, ku lissafa da kwanakin da za ku yi, ku ƙara wani abu a kai, wannan ita ce tsarabarku ta farko: shinkafa ko masara, wake, manja ko man gyaɗa, sukari, gishiri, sabulun wanka da na wanki. Alawar yara ta biyo baya. Kuɗin cefane kuma a ba da shi ranar da aka sauka, a keɓe, a hannun wadda ke riƙe da girki ko mai gidan, kada a bari sai ranar sallama. Abin da aka ba mutum ranar tafiya kyauta ce mai kyau, amma ba ta goge kwanakin da ya yi yana tunanin yadda zai fita kunyar baƙi. A kuma buga waya tun da sauran kwanaki a faɗi ranar zuwa, yawan mutane da tsawon zama. Dirar ba-zata ta dace da mutum ɗaya mai kwana ɗaya, ba ta dace da iyali guda ba.

Daga nan sai ɗaukar mutanen gida tamkar su ma hutu suke. Ba hutu suke ba. Maza sun fita gona tun da sassafe, mata ga daka, ga ɗiban ruwa, ga itacen da ya jiƙe ya ƙi kamawa, ga kai abinci gona. Idan uwar yara ta zauna a ɗaki tana jiran a kawo kwano, 'ya'yanta mata ma haka za su koya, matan gida kuma ba za su ce komai ba amma za su riƙe abin a zuci. Ki shiga madafa, ki karɓi girki wata rana ɗungurungum, 'yan mata su yi shara da wanke-wanke, samari su bi baffansu gona ko da ciyawar dabbobi ce za su yanko. Yaron da ya wuni a kunya yana cire ciyawa ba zai ƙara zubar da tuwo da wasa ba.

Yanzu maganar lafiya, wadda a nan ne sakaci ke jawo kuka. Zazzaɓin cizon sauro ya fi kama yara a arewa daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka, daidai lokacin wannan hutu. Mutane da yawa kan bar gidajen sauronsu a rataye a birni, su tafi da tunanin za a samu a can. Sau da yawa ba a samu, ko a samu guda ɗaya a sadaukar wa baƙi, yaran gida su kwana a fili. Ku tafi da naku, gwargwadon shimfiɗun da za ku yi, har da igiya da ƙusoshi. In sabo ne mai magani, a shanya shi a inuwa na kwana guda kafin a kwana a ciki. In da hali ku bar wa mutanen gida su idan za ku dawo.

Akwai wani kuskuren da ba a cika lura da shi ba. Tun shekarar 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafin zazzaɓi sau ɗaya a wata a tsawon damina, a ƙasashen yankin Sahel, kuma jihohin arewa da Jamhuriyar Nijar suna yin hakan, ma'aikata na bi gida-gida. Kowane zagaye na kwana uku ne: ma'aikaci ya ba da na ranar farko a gabansa, uwa ta ba da na rana ta biyu da ta uku. Kariyar da yake bayarwa ta kusan wata guda ce, don haka yaron da tafiya ta sa ya tsallake zagaye ya zauna ba kariya a watan da ya fi bukatarta. Ku tafi da katin yaron, ku tambaya a asibitin garin ko wajen mai unguwa yaushe za a zo rabo. Kada kuma hidimar baƙunta ta sa a manta da ƙwayoyin rana ta biyu da ta uku.

Idan jikin yaro ya yi zafi, kuskuren da aka saba shi ne a ba shi farasitamol a ce gajiyar hanya ce ko canjin ruwa, a jira a koma birni. Farasitamol zafin jiki kawai yake saukarwa, ba ya kashe ƙwayar cutar. A kai shi a yi gwajin jini a ranar, na ɗan tsinken nan da ake yi a yatsa, minti ashirin ya ishe shi. In gwaji ya nuna zazzaɓin sauro ne, a shanye maganin na kwana uku har ƙarshe ko da yaro ya miƙe yana wasa. Jijjiga, aman da ba ya tsayawa, ƙin kama nono ko barcin da ba a iya tashin yaro daga gare shi, waɗannan ba a kwana da su a gida.

Ruwan sha ma haka. Da damina ruwan sama kan wanko ƙazanta ya zuba a rijiyoyin da ba su da murfi, daga nan amai da gudawa ke ɓarkewa. Ba a manta da kwalarar 2021 ba, wadda ta fi tsanani a Bauchi, Jigawa, Kano da Zamfara. Wasu iyaye kan ji nauyin tafasa ruwa a gidan surukai, kada a ce suna ƙyama. A yi bayani cikin ladabi, a tafasa na kowa da kowa, ba na baƙi kaɗai ba, ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa a randa, a rufe ta, a ware moɗa guda. A jakarku kada a rasa ƙunshin gishiri da sukari na asibiti da ƙwayar zinc, wadda ake ba yaro mai gudawa kwana 10 zuwa 14. In ƙunshin ya ƙare, ana haɗawa a gida: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Kududdufi kuwa, ku ja wa yara kunne tun a mota. Ramukan da aka haƙa domin ƙasar gini kan cika fal, bakinsu santsi, zurfinsu ba a gani, kuma kowace damina sai an ji labarin yaran da suka nitse a cikinsu. Yaron birni da bai iya iyo ba zai ga sa'anninsa suna faɗawa ya bi su. Ko wanda ya iya, ruwan da ke kwance shi ke kawo tsargiya, sai bayan makonni ko watanni a ga jini a fitsari, an ma manta da tafiyar. Ciyawa ta yi tsawo, saboda haka ba fita da dare ba takalmi da tocila, ba zura hannu a rami ko tarin itace. In tsautsayi ya sa maciji ya yi sara, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe ko awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibitin da ke da allurar dafi. Na Kaltungo a jihar Gombe ya shahara da wannan aiki, amma ku tambayi mafi kusa da garinku tun kafin bukata ta taso.

Game da hanya, abin da ya fi yawa shi ne tashi a makare da dogaro da yadda aka san hanyar bara. A Agustan 2024 ambaliya ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum, matafiya suka yi cirko-cirko. Kafin ku tashi ku kira wani a gida, ko ku tambayi direbobin tasha, su suka san gadar da ta karye da inda ake zagayawa. A yi sammako a isa kafin la'asar, saboda hadari da kuma halin tsaro. A duba taya, birki, fitilu da abin share gilashi. In kun tarar ruwa na gudu a kan kwalta, ku tsaya ya janye, komai saurin da kuke yi. Yara a baya, ba a cinya a kujerar gaba ba. Masu motar haya su shiga a cikin tasha, kuma in kujeru sun yi kaɗan gara a biya wa yara tasu da a ɗora uku a kan cinya tafiyar sa'a shida. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122. Hotunan tafiya kuma a bari sai an dawo a sa a Facebook, ba kowa ya kamata ya san gidanku ba kowa ba.

Gidan da aka bari shi ma yana bukatar rabin wuni. A yashe magudanar ruwa, a duba indararo da rufi, a kife bokitai da tsofaffin tayoyi, a kwashe firji a cire shi daga wuta a bar ƙofarsa a buɗe, a rufe tukunyar gas, a ɗaga buhunan abinci da katifu daga ƙasa, a bar makulli wajen maƙwabci amintacce.

To, an isa lafiya. Kuskuren da ke ɓata ribar tafiyar baki ɗaya shi ne a kai yara ƙauye amma a killace su a ɗaki da waya, ana dafa musu indomi daban domin wai ba su saba da abincin ba. Damina ce lokacin da abincin gida ya fi daɗi. Ga ɗanyar kuɓewa da lalo, ga rama da tafasa da zogale ana kwaɗo da ƙuli-ƙuli, ga fate da yakuwa, ga gasasshiyar masara da yamma bayan an ɗauke ruwa, ga dafaffiyar gyaɗa da gurjiya. In zamanku ya kai lokacin da gero ya fara nuna, a gasa musu tumu su murza da hannunsu. Ku bar su su ci a kwano ɗaya da 'yan uwansu. Ku karɓe wayoyin da dare ku tura su ɗakin kaka, ta yi musu tatsuniya, ta tsokani jikanta da miji, shi ma ya rama. Su yi langa, su yi dara, 'yan mata su yi carafke da gaɗa.

Kafin wannan duka, ku koya musu gaisuwa tun daga gida. Abin takaici ne yaro ɗan shekara goma ya tsaya ƙiƙam a gaban yayar mahaifinsa bai san zai durƙusa ya ce "Gwaggo, ina kwana" ba, ko ya kasa bambance Baffa da Kawu. Ku zaunar da su ku faɗa musu wane ne wane, ta ina aka haɗu, su wane ne taubasansu da za su yi wasa da su. Ku riƙa hannunsu ku shiga gida-gida, har gidajen dangin da ba su da komai, domin su ne suka fi lura da wanda ya zo da wanda ya wuce su.

Dawowa ana gobe komawa makaranta ma kuskure ne. Ku dawo da sauran mako guda, a yi wanki, a shanya katifu, yara su koma barci da wuri. Zazzaɓin sauro kan ɗauki kwana 10 zuwa 15 bayan cizo kafin ya bayyana, don haka duk zafin jikin da ya taso a makonnin nan a je gwaji, a kuma gaya wa likita an yi tafiya. Ɗanyar gyaɗa da masarar da aka haɗo ku da su kada a bar su ƙulle a buhu ko leda. A dafa wadda za a ci, a baje saura a rana ta bushe ƙayau. Wadda ta yi fumfuna a zubar, kada a ba yara, kada a ba kaji, domin gubar da ke cikinta tana lalata hanta kuma dahuwa ba ta kashe ta.